Yadda Ake Kiyaye Mutuncin Mara Lafiya a Bakin Gado: Jagora ga Ma'aikatan Jinya a Sakkwato

Ɗaliban jinya da sababbin ma'aikata sun daɗe suna aiko mini da tambaya iri ɗaya. An koya musu a aji cewa mara lafiya yana da haƙƙi, sun haddace sun ci jarrabawa, amma ranar da aka bar su a ɗaki cike da gadaje, su biyu rak a aikin dare, sai su rasa ta inda za su fara. Masu jinya ma suna tambaya, su kuma so suke su san abin da ya kamata su ga ana yi wa ɗan'uwansu. To ga shi a jere, tun daga ƙofar asibiti har fita.

Akwai abin da nake so ku riƙe kafin mu shiga. Mutanenmu masu kunya ne da kawaici. Dattijuwa daga Gada ko Tangaza za a yaye mata zane a gaban jama'a ba za ta ce uffan ba, sai ta koma gida ta rantse ba ita ba asibiti. Shirun nan nata ba yarda ba ce. Haƙƙin da ba za ta iya buɗe baki ta nema ba, ku ne za ku tsare mata shi.

Kayan aiki da kuɗinsu

Labule ko sikirin mai taya (abin da ake kare gado da shi daga idon jama'a), zanen rufa banda na shimfiɗa, fo mai murfi, buta, sabulu, safar hannu, takardar amincewa da tawadar dangwale, katin sunanku a ƙirji, sai ɗan dutse mai tsarki na taimama. Duka daga siton asibiti ya kamata su fito. Inda sikirin ya karye, turmi ɗaya na yadi shida mai kauri da igiya sun isa a kewaye gado kafin a gyara. Shugabar ɗaki ce za ta rubuta buƙatar, kada ku karɓi ko sisi daga hannun masu jinya da sunan kuɗin labule. Sauran abin da ke cikin jagorar nan ba ya cin kuɗi, 'yan mintoci yake ci.

Mataki na 1: Karɓa a ƙofa

Wanda aka kawo jini na zuba, ko numfashi na sarƙewa, ko mai ciki tana jijjiga, ceto ake farawa da shi, kati da kuɗi su biyo baya. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikaci ko asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa a kan kowane dalili, hukuncin kuwa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Waɗanda aka harba, irin waɗanda ake kawo mana daga Sabon Birni da Isa da Rabah, dokar 2017 ta ce a yi musu magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibiti ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara maganin.

Hattara: kada ku ɗauki tarihin ciwo a bakin kanta, ga layi a bayan mutum. Macen da aka tambaya rabonta da al'ada a gaban maza ba za ta faɗi gaskiya ba. Ku ja ta gefe.

Mataki na 2: Sallama da suna

Ku yi sallama, ku gaida mutum, ku faɗi sunanku da aikinku: "Ina kwana Baba, ya jiki? Allah shi kawo sauƙi. Ni ce nas da za ta kula da kai har zuwa azahar." Dattijo Baba ne ko Malam ko Alhaji, dattijuwa Inna ce ko Hajiya. Ba a kiran mutum da lambar gado, balle da sunan cutarsa. In yana kwance, ku ɗan rusuna ko ku jawo kujera, kada ku tsaya masa a ka.

Mata da yawa ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari. In kuna cike fayil kuka ga ta sunkuyar da kai, kada ku matsa mata, ku tambayi mai jinya, ko ku karanta sunan ita ta gyaɗa kai.

Hattara: masu suna ɗaya suna da yawa a ɗakunanmu. Kafin allura ko magani ku haɗa suna da sunan uba da lambar fayil, in da hali har da garin da aka fito.

Mataki na 3: Bayani, sannan izini

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Duk abin da za ku yi wa jikin mutum sai kun faɗa masa, kun kuma ji ya ce to. Ƙananan ayyuka baki ya isa: "Baba, zan ɗaura maka wannan a hannu in auna hawan jini, zai ɗan matse ka. In yi?" Tiyata da ƙarin jini da duk aikin da za a sa mutum barci, sai a rubuce. Likitan da zai yi aikin shi ke da nauyin bayani. Naku shi ne ku zama shaida, ku kuma tabbatar an fahimta. Sashe na 23 na dokar 2014 ya ce a yi bayanin da harshen da mara lafiya yake ji, daidai da iliminsa.

Ku fara da harshe. Akwai Fulanin da Hausarsu ta ciniki ce kawai, akwai Zabarmawa, akwai masu shigowa daga Nijar ta Illela. Tafinta ya zama ma'aikaci, ko wani babba da mara lafiya ya zaɓa da bakinsa. Ba a sa yaro ya fassara ciwon mahaifiyarsa, ba a sa kishiya.

Sai bayanin kansa: abin da ke damunsa, abin da za a yi, amfaninsa, haɗarinsa, kuɗinsa, wata hanyar in akwai, da kuma cewa yana da damar ya ce a'a. Daga nan ku sa ya maimaita. Kada ku ce "kin gane?", domin amsar kullum "e" ce. Ku ce: "Inna, in Malam ya zo ya tambaye ki, me za ki ce masa an ce za a yi miki?" A amsarta za ku ji inda bayanin ya zube. Bayan haka ne za a sa hannu ko a dangwala yatsa, da shaida, da kwanan wata, da lokaci.

Hattara: takardar da aka miƙa wa mutum yana kan keken shiga ɗakin tiyata, ko bayan an yi masa allurar da ke gusar da hankali, ba yarda ba ce ko da ya dangwala.

Sai maganar miji, wadda ita ce tambayar da ta fi zuwa daga ungozomai. Mace babba mai cikakken hankali ita ke da ikon amincewa da aikin da za a yi a jikinta. Shawara da maigida abu ne mai kyau, yawancin matanmu ma su ne za su ce a kira shi, to a kira shi, ko a waya ne. Abin da ba na yarda da shi shi ne a bar mace naƙuda ta tsaya mata, ita ta riga ta amince a yi mata aiki, a zauna jiran mijin da ya tafi ci rani ba a samun layinsa. In kun ga haka, ku sanar da babban likita nan take, ku rubuta lokacin da ta amince da lokutan da aka nemi mijin. Yaro ƙarami kuwa iyaye ko waliyyi ke amince masa. In suka ƙi abin da zai ceci ransa, ba cacar baki za ku tsaya yi ba, ku kai wa likita da hukumar asibiti cikin gaggawa. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2019 cewa kotu na iya ba da umarnin a ceci yaro ko da iyaye sun ƙi.

Mataki na 4: Rufewa kafin buɗewa

Wankin ciwo, sa robar fitsari, allurar ɗuwawu, duba mai ciki, duk jerinsu ɗaya ne. Ku fara haɗa kayan aiki gaba ɗaya a kan tire. Ku roƙi 'yan dubiya su ɗan fita, ku tambayi mara lafiya wa yake so ya tsaya. Ku ja labule, ku duba taga da ƙofa, ku kuma lura ko fanka na ɗaga labulen. Ku wanke hannu ku sa safa. Ku lulluɓe shi da zanen rufa, sannan ku buɗe wurin da za a yi aikin kaɗai. Ku faɗa kafin hannu ya sauka: "Zan taɓa yanzu, ruwan yana da sanyi." In an gama ku rufe shi, ku gyara masa tufafi, ku kwashe auduga da duk abin da ya ɓaci, sannan labule ya buɗe.

Kuskuren da na fi gani shi ne a buɗe mutum, sai a tuna an manta almakashi, a tafi nema a bar shi haka. In dole ta sa ku fita, ku rufe shi tukuna.

Surukai su ne farkon waɗanda za su fita. Dattijon da fitsari ya tsaya masa ya gwammace ya kwana da ciwon da a sa masa roba a gaban mijin 'yarsa, kuma ba zai iya korar sa da bakinsa ba. Ku ne za ku ce, "Malam, ɗan ba mu wuri." In akwai ma'aikaci namiji, shi ya yi wa maza irin wannan aiki, mace ta yi wa mata. In babu, ku gaya wa mara lafiya gaskiya, ku nemi izininsa, ku tsayar da wani mai jinsinsa a wurin har a gama, ku rubuta sunan wanda ya tsaya a fayil. Wannan kariya ce gare shi, kariya ce gare ku.

A asibitin koyarwa kamar UDUTH, wato na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ɗalibai ba su da wurin koyo sai bakin gado. Duk da haka sai an nemi izini, an faɗi yawansu, in kuma ya ce ba ya so, a wuce gado na gaba ba tare da an canja masa fuska ba.

Mataki na 5: Fo, wanka, juyi da ibada

Wanda ya nemi fo, ya daɗe yana daurewa kafin ya furta. Ku kai da sauri, a rufe, da buta, ku ja labule, ku ba shi wuri in zai iya zama shi kaɗai. In ya ɓata shimfiɗa, ku canja ba tsaki, ba toshe hanci, ba kiran abokiyar aiki ta zo ta gani. Wanda ba ya iya motsi a juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a kuma faɗa masa kafin a juya shi ko da ana ganin ba ya ji. A watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, masu jinya kan tuɓe marasa lafiya don su sha iska, to a bar musu zane marar nauyi a kan al'aura. Da hunturu a ɗumama ruwan wanka.

Ku san inda alƙibla take a ɗakinku don ku nuna wa baƙo. Wanda aka hana ya jiƙa wani wuri a jikinsa, ku miƙa masa dutsen taimama. In ba gaggawa ba, kada ku katse mai salla don awon zafi. Kirista ya nemi fasto ko fada, a ba shi dama daidai da yadda ake ba malami.

Mataki na 6: Riƙon sirri

Sashe na 26 na dokar 2014 ya mayar da duk bayanin lafiyar mutum sirri. Ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko na doka, ko ga iyayen ƙaramin yaro da waliyyin wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko inda ɓoyewa zai jefa jama'a cikin babban haɗari.

A aikace, tun ranar kwanciya ku tambaye shi wa ya yarda a riƙa yi wa bayani, ku rubuta sunan. Dubiya lada ce, mutanenmu kuma ba sa wasa da ita, za a cika mota daga ƙauye a zo, kowa yana tambayar me likita ya ce. Amsa ɗaya ce: "Alhaji, ana kula da shi yadda ya kamata, sauran bayani sai daga bakinsa." Ko hakimi ne ya tambaya, amsar ba ta canjawa, girmamawar ce ake ƙarawa.

Wajen miƙa aiki a bakin gado ku sassauta murya. Sakamakon gwajin ƙanjamau, cikin da ba na aure ba, fyaɗe, yunƙurin kashe kai, waɗannan a tebur ake faɗar su, ba a tsakanin gadaje ba. Fayil ba ya kwana a kan gado. Kada a yi wa gado ko bangon fayil wata alama da za ta tona mai ɗauke da ƙanjamau, wata dokar daban ta 2014, wadda ta shafi masu ƙanjamau, ta hana nuna musu bambanci. Safar hannu ga duk aikin da ke da jini ake sa ta, ga kowa, ba ga wanda ake zargi kawai ba.

Hattara: waya. Ba hoto, ba bidiyo, ba turawa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, ko da an rufe fuska. 'Yan ƙauyensu za su gane zanen da tabarmar. Yaran da ake kawowa Asibitin Noma (noma ciwo ne mai cin baki da fuska) da matan da ke zuwa Asibitin Maryam Abacha don yoyon fitsari sun riga sun sha ƙyama a gida kafin su iso hannunmu, hoto ɗaya ya isa ya tayar musu da ita sabuwa. Hoton da aikin likita ya buƙata sai da izini a rubuce, kuma a ajiyar asibiti zai zauna. Haka labarin baki. Sakkwato gari ne da an san juna, abin da kika faɗa a gidan biki a Mabera zai kwana a Runjin Sambo.

Mataki na 7: Zafin ciwo da ɗakin haihuwa

Ku tambayi mutum ya jiki, zai ce da sauƙi ko da yana cije leɓe. Bafulatana mai haihuwar fari za ta iya kaiwa ƙarshen naƙuda ba a ji muryarta ba. Don haka ku dubi fuska da gumi da bugun jini, ku ɗaga yatsu biyar ku ce ya nuna muku nawa ciwon ya kai. Maganin zafi da likita ya rubuta a ba da shi a kan lokaci, ba sai an roƙa ba.

A ɗakin haihuwa ba mari, ba tsawa, ba maganganun gorin nan da kowa ya sani. Ku faɗa kafin duba bakin mahaifa, ku faɗa kafin a yi ƙari, ɗinki kuma da allurar kashe zafi. Wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ko ta sha jiƙo kafin a kawo ta, ba lokacin faɗa ba ne. In kun yi mata faɗa za ta ɓoye abin da ta sha, alhali ku kuke buƙatar sanin sa. Nasiha sai bayan ta sauka ta huta.

Wanda ya ruɗe yana fizge ƙarin ruwa, ɗauri shi ne matakin ƙarshe. Sai da umarnin likita, da ƙyalle mai laushi, a rubuta lokaci da dalili, a riƙa duba hannun akai-akai, a kwance da zarar ya natsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba masu taɓin hankali haƙƙin mutunci kamar kowa.

Mataki na 8: Kuɗi da ƙin magani

A faɗi kuɗi kafin aiki, a biya a wurin biya, a karɓi rasit. Ku tambaya ko mutum yana da rajistar SOCHEMA, wato inshorar lafiya ta jiha, ko kuma ta tarayya, wasu suna da ita ba su san tana aiki a nan ba. Wanda ya gaza, a haɗa shi da sashen walwala na asibiti, su ne suka san hanyar Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da sauran masu taimako. Maganar bashi ba a yin ta da ƙarfi a tsakar ɗaki. Maganin da mutum ya saya ya rage, nasa ne, a miƙa masa ranar sallama.

Babba mai hankali yana da ikon ƙin magani, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 2001. In ya ce zai tafi, ku fara neman dalili a keɓe. Sau da yawa kuɗi ne suka ƙare, ko damina ta faɗi gona na jira, ko dangi sun matsa a kai shi wurin maɗori. Wasu dalilan suna da magani. In ya dage, ku kira likita ya bayyana masa haɗarin, ya sa hannu a takardar fita, ku cire masa allurar ƙarin ruwa, ku ba shi magungunansa, ku faɗa masa alamun da in ya gani ya dawo ko da tsakar dare ne.

Hattara: kada ku taɓa cewa "in ka tafi kada ka dawo mana." Masu jin wannan maganar su ne ake dawo da su bayan lokaci ya ƙure.

Mataki na 9: Idan ajali ya zo

Ku kewaye gadon, ku bar makusanci ya zauna ya laƙƙana masa kalmar shahada, ko ya yi masa addu'ar addininsa. Bayan likita ya tabbatar, a rufe idanu, a ɗaure haɓa, a miƙe gaɓoɓi, a cire robobi in ba maganar 'yan sanda a ciki, a lulluɓe shi duka. Mace ta gyara mace, namiji ya gyara namiji. Babban dangi ake ja gefe a zaunar da shi a faɗa masa, da ta'aziyya, ba a baranda ba. Takardu a hanzarta su, domin mutanenmu ba sa son gawa ta kwana.

Mataki na 10: Idan an kawo kuka

Sashe na 30 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ba kowa damar kai ƙorafi a kuma bincika. Ku zaunar da mai ƙorafi, ku bari ya gama, ku rubuta da kalmominsa, ku kai wa shugabar ɗaki. Asibitocin tarayya, UDUTH da na ƙwaƙwalwa da ke Kware, suna da ofishin SERVICOM, inda ake karɓar ƙorafi. A asibitocin jiha ana bi ta shugaban ma'aikatan jinya zuwa Hukumar Kula da Asibitoci. Laifin da ya shafi lasisi na Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ne. Takardar haƙƙoƙi 12 na mara lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar ranar 31 ga Yuli, 2018 ya kamata a manna ta a bangon kowane ɗaki, da Hausa, da boko da ajami in da hali. Wanda ya kai kuka kuma kada kularsa ta ragu ko kaɗan.

In kuwa abokiyar aiki kuka gani tana wulaƙanta mara lafiya, ku tsayar da abin a lokacin ba tare da kun kunyata ta ba: "Sista, je ki huta, bari in karɓe ki." Daga baya ku yi mata magana ku biyu. In duka ne, ko tona sirri, ko abin ya maimaitu, sai rahoto a rubuce ga shugabar ɗaki: kwanan wata, lokaci, lambar fayil, abin da idonku ya gani da abin da kunnenku ya ji, ban da zato. Ku sa hannu, ku ajiye kwafi ɗaya a wurinku.